Megabait 11: Tarihin Nawar Rumbun Ajiya na Gida

A watan Oktoba na 1986 wani abu ya faru a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka wanda ya ɗaure wa masana kwamfuta kai. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da harabar jami'ar garin tazarar ba ta wuce yadi 400 ba, kuma hanyar da ta haɗa kwamfutocin wuraren biyu ta saba ɗaukar bit 32,000 a kowace daƙiƙa. Sai aka wayi gari ta koma bit 40. Harafi biyar ke nan a daƙiƙa, abin da ƙwararren mai buga tafireta zai iya yi da yatsunsa. Babu wayar da ta tsinke, babu na'urar da ta ƙone.

Wani mai bincike a cibiyar, Van Jacobson, ya bi diddigin lamarin har ya gano cewa kwamfutocin ne da kansu suke toshe hanyar. Ƙa'idar TCP, wadda intanet ke tafiya a kanta, tana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, ta aika, ta jira amsar cewa kowace gunduwa ta isa. Idan amsa ta yi jinkiri, sai ta sake aikawa. Da hanya ta cika, amsoshi suka yi ta makara, sai kowace kwamfuta ta shiga maimaita abin da ta riga ta aika, cunkoso ya hau kan cunkoso. Sauri ya haifi nawa. Maganin da Jacobson da abokin aikinsa Michael Karels suka bayyana a 1988 shi ne a koya wa kwamfuta ta fara a hankali, ta riƙa ƙara sauri muddin amsa na dawowa, ta ja da baya da zarar ta ga alamar asara. Wannan dabara da waɗanda suka tsiro daga gare ta suna cikin kowace wayar hannu da kowace kwamfuta har yau.

Shekaru kusan arba'in bayan haka, irin wannan ruɗani ya shigo cikin gidaje. Mai ɗaukar hoton biki, ko mai tace bidiyo, ko lauyan da takardu suka yi wa yawa, yakan sayi wani ɗan akwati mai faifan ajiya biyu ko huɗu, wanda ake kira NAS, ya haɗa shi da rautar gidansa domin ya zame masa rumbun ajiya. A jikin kwali an rubuta gigabit. Amma da ya soma kwashe aikinsa zuwa ciki, sai allo ya nuna masa megabait 11 a daƙiƙa. A wannan sauri, terabait ɗaya zai ci kusan awa 25, alhali awa biyu da rabi ya kamata ya ci. Wanda zai jira kwana guda kafin ya kwafe aikinsa yakan daina kwafewa, kuma ranar da kwamfutarsa ta mutu, aikin ya tafi ke nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Fayil ɗin da ya tashi daga kwamfuta zuwa rumbu yana ratsa matakai da dama, kuma kowane mataki wasu mutane ne suka tsara shi a wata shekara, domin warware wata matsala ta zamaninsu. Saboda haka lambar da ke kan allo takan faɗi matakin da ya riƙe tafiyar, ga wanda ya san tarihinta.

Bit da bait

Kuskure na farko ba ya cikin na'ura, yana cikin lissafi. Masu harkar sadarwa sun gaji ƙidaya da bit, wato sifili ko ɗaya, domin abin da ke bi ta waya ke nan ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙera kwamfuta kuwa suna ƙidaya da bait, kalmar da Werner Buchholz ya ƙirƙira a kamfanin IBM a 1956. Da farko girman bait ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, sai da kwamfutocin System/360 na IBM suka fito a 1964 suka karɓu, sannan bit takwas ya zama ma'aunin kowa. Tun daga nan ɓangarorin biyu ba su daidaita harshe ba: mai sayar da rauta yana magana da megabit, allon kwafe fayil yana magana da megabait.

Don haka hanya mai gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, iyakarta megabait 125 a daƙiƙa. Idan aka cire adireshi da alamomin da ke manne da kowace gunduwa, abin da ya rage bai wuce 110 zuwa 117 ba. Wanda ya ga wannan lamba ba shi da wata matsala, ya kai ƙurewar hanyarsa ne. Idan kuma aka raba megabit 100 gida takwas, aka cire waɗancan alamomi, sai a sami 11 da ɗoriya. Wannan ita ce lambar da ta fi yawan tayar wa masu rumbu hankali, kuma asalinta yana cikin tarihin kebul.

Silin waya takwas

A ranar 22 ga Mayu, 1973, Robert Metcalfe ya rubuta wa abokan aikinsa a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto takardar da ta zayyana tsarin da ya kira Ethernet. Shi da David Boggs suka gina na farko, mai saurin megabit 2.94. A 1980 kamfanonin Xerox da DEC da Intel suka fitar da tsarin bai ɗaya mai megabit 10. A 1990 aka amince a riƙa bi ta irin siraran wayoyin tarho da ake murɗawa bibbiyu, waɗanda su ne kakannin kebul ɗin da ake gani a ofisoshi yau.

Cikin wannan kebul akwai sili takwas, an murɗe su tagwaye huɗu. Tsarin megabit 100 da ya fito a 1995 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, sauran biyun suna kwance ba aikin fari ba na baƙi. Shekara huɗu ana haɗa kebul a haka, kuma idan mai haɗawa ya yi sakaci da waɗancan silin huɗu, babu wanda zai sani. Har ma akwai kebul masu araha da aka ƙera da sili huɗu kacal. Da tsarin gigabit ya zo a 1999, injiniyoyi suka so ya yi aiki a kan wayoyin da ke cikin gine-gine tun da can, sai suka sa shi ya yi amfani da dukkan tagwayen huɗu a lokaci guda.

Ga inda gizo ke saƙar. Na'urori biyu idan aka haɗa su sukan yi ciniki a tsakaninsu kan saurin da za su yi magana. Idan sili ɗaya daga cikin waɗanda gigabit ke buƙata ya karye, ko bai zauna daidai a bakin kebul ba, na'urori da yawa ba sa yanke hulɗa, sai su sauka shiru zuwa megabit 100 su ci gaba da aiki. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin kada sabon kaya ya ƙi tsohon kebul. Amma sakamakonsa shi ne mutum ya sayi rumbu mai tsada, ya yi ta zarginsa da nawa, alhali kebul ɗin da ƙofa ta matse ne ya mayar da gidansa 1995. Haka nan idan akwai wata tsohuwar rauta ko mararrabar waya mai megabit 100 a tsakani, ita za ta yanke wa kowa saurinsa.

Iska ta kowa ce

Idan kwamfutar tana kan Wi-Fi ne, to tarihin ya koma baya fiye da Ethernet. A 1971, Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka fara aiki da ALOHAnet, wanda ya haɗa kwamfutoci a tsibiran ta hanyar rediyo. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: kowa ya yi magana lokacin da ya ga dama, idan biyu suka yi karo, kowanne ya ɗan jira na wani lokaci da ba a ƙayyade ba, ya sake. Lissafi ya nuna cewa a wannan tsari abin da ake mora bai wuce kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin tashar ba. Metcalfe ya karanta aikin, ya gyara shi, ya sa kwamfuta ta saurara kafin ta yi magana, daga nan Ethernet ya samo tushe.

Daga baya Ethernet ya rabu da wannan gado, domin a yau kowace na'ura tana da nata kebul zuwa mararraba, tana aikawa tana karɓa a lokaci ɗaya. Rediyo kuwa ba shi da wannan gata. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangunan rediyo ga kowa ba tare da lasisi ba, ciki har da zangon gigahaz 2.4, inda tandun ɗumama abinci na lantarki ke zubar da hayaniyarsa. A nan tsarin 802.11 ya fara a 1997 da megabit 2. Sauri ya ninka sau ɗaruruwa tun daga lokacin, amma tushen bai sauya ba: a tasha ɗaya, ana yin magana ne bi da bi. Wayar yara da talabijin da rautar maƙwabci duk suna cikin layi ɗaya. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11. Na'urar da ke nesa, wadda bango ya tare, tana magana a hankali, kuma duk tsawon lokacin da take magana sauran jira suke yi. Shi ya sa lambar Wi-Fi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Saurin da ke hawa yana sauka, ya sauya idan an koma wani ɗaki, alamar iska ce.

Ƙa'ida mai doguwar gaisuwa

Akwai wata nawa ta daban. Bidiyo guda mai gigabait 10 ya wuce cikin minti biyu, amma jakar da ke ɗauke da ƙananan takardu 10,000, waɗanda jimillarsu ba ta kai rabin haka ba, ta ci lokaci mai tsawo. Hanya ɗaya ce, kebul ɗaya ne. Bambancin yana cikin ƙa'idar da kwamfuta ke bi wajen neman fayil a wata kwamfutar.

Wannan ƙa'ida, SMB, Barry Feigenbaum ne ya tsara ta a IBM a 1983, domin ƙananan ofisoshi masu kwamfutoci kaɗan. Microsoft ya ɗauke ta, ya yi ta ƙara mata kaya shekara da shekaru, har umarninta ya haura ɗari. Ɗabi'arta ita ce doguwar gaisuwa: kafin a rubuta fayil sai an tambaya ko akwai shi, a nemi izinin buɗewa, a rubuta, a saka kwanan wata, a rufe, kuma sau da yawa ba a yin tambaya ta gaba sai amsar ta baya ta dawo. Ga babban fayil, gaisuwa ɗaya ce sai aiki. Ga ƙananan fayiloli, gaisuwar ta fi saƙon tsawo. A ƙaddara kowane fayil yana cin milisakan 10 a wannan kai-da-kawowa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa: fayil 10,000 sun cinye daƙiƙa 100 ke nan ba a kirga lokacin aika abin da ke cikinsu ba. Faɗin hanya ba ya rage wannan, kamar yadda faɗaɗa titi ba ya rage yawan shingayen da ke kansa.

Yawancin rumbunan gida ba manhajar Microsoft suke amfani da ita ba. A ƙarshen 1991 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera, Andrew Tridgell, ya zauna yana sauraron abin da kwamfutoci ke faɗa wa juna a waya, har ya gane ƙa'idar ya rubuta tasa manhajar, ya sake ta kyauta a farkon 1992. Daga baya ya sa mata suna Samba, bayan ya nemi kalma a ƙamus mai ɗauke da haruffan s da m da b. Shekaru da yawa shi da masu taya shi suna aiki ta hanyar lura da gwaji. Sai a 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana bayanan da abokan hamayya ke buƙata domin manhajojinsu su yi aiki da nasa. Kotu ta tabbatar da hukuncin a 2007, kuma a ƙarshen shekarar masu Samba suka sami takardun.

A wannan tsakanin ne SMB2 ta fito tare da Windows Vista a 2006. Ta rage umarni zuwa 19, ta ba da damar haɗa tambayoyi da yawa a aika su tare. SMB3 ta biyo baya a 2012 da damar ɓoye bayanai a kan hanya, wanda yake da amfani, amma yana iya gajiyar da ƙaramar ƙwaƙwalwar rumbu mai araha. Tsohuwar ƙa'idar kuwa ta ƙi mutuwa, domin tsofaffin na'urori ba su san wata ba. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a cikinta ta bazu a duniya, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya. Rumbun da har yau yake magana da SMB ta farko yana da aibi biyu ke nan, ga nawa ga haɗari.

Faifan da ke juyawa

Idan fayil ya tsallake duk waɗannan, zai sauka a kan na'urar da ta fi kowace tsufa a tafiyar. A 1956 IBM ya fitar da RAMAC, faifan ajiya na farko: faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyi 1,200 a minti, suna ɗaukar harafi miliyan 5. Hannun da ke karantawa yakan ɗauki kimanin milisakan 600 kafin ya kai inda ake nema. Faifan terabait 4 na yau ya ninka wancan wajen ɗauka kusan sau miliyan, amma lokacin kai hannu ya ragu ne da kusan ninki 50 kawai, domin har yanzu ƙarfe ne yake motsi. Faifan da ke juyi 7,200 a minti yana buƙatar milisakan 8.3 kafin ya kewayo sau ɗaya. Idan aka bar shi ya rubuta abu a jere, yakan yi megabait 150 zuwa 250 a daƙiƙa, ya fi ƙarfin gigabit. Idan aka sa shi tsalle-tsalle tsakanin ƙananan fayiloli, abin da zai yi bai fi aiki ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ba.

A 1988, a jami'ar nan dai ta Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa takardar da ta ba tsarin RAID sunansa: a haɗa faifai masu araha da yawa, a ajiye wani lissafin kariya a tsakaninsu, ta yadda idan ɗaya ya mutu za a iya sake gina abin da ke cikinsa daga sauran. Kariyar tana da farashi. A tsarin RAID 5, ƙaramin rubutu guda yana zama aiki huɗu: a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon lissafi, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi.

Babi mafi ɗaci ya zo ne a 2020. Domin ƙara yawan abin da faranti ke ɗauka, masu ƙera faifai sun ɓullo da wata dabara mai suna SMR, wadda kamfanin Seagate ya fara sayarwa a 2013. A nan layukan rubutu suna hawa bakin juna kamar kwanon rufi, don haka ba a iya sauya na tsakiya sai an sake shimfiɗa waɗanda suka hau kansa. Domin ɓoye wannan wahala, faifan yana da wani ɗan fili na wucin gadi inda yake saurin zuba sabon rubutu, ya gyara daga baya idan ya sami sarari. Muddin filin bai cika ba, komai lafiya. Da ya cika, sai sauri ya faɗi warwas. A watan Afrilu na 2020 ta bayyana cewa kamfanin Western Digital yana sayar da irin wannan faifai a jerin WD Red masu terabait 2 zuwa 6, waɗanda aka yi tallarsu musamman domin rumbunan ajiya, ba tare da an rubuta a jiki ba. Masu amfani ne suka fara lura, domin idan suka sa sabon faifai a madadin wanda ya mutu, sake ginin yakan ja kwanaki ko ya tsaya. A gwajin da shafin ServeTheHome ya yi, aikin da sauran faifai suka gama cikin ƙasa da kwana ɗaya ya ɗauki irin wannan faifai fiye da kwana 9. Duk tsawon wannan lokaci bayanan mutum ba su da kariya, idan faifai na biyu ya mutu a tsakani, komai ya salwanta. An kai kamfanin ƙara, kuma a watan Yuni ya ware faifan da ba su da SMR ya sa musu suna Red Plus. Alamar wannan matsala a allo ita ce saurin da ya fara da kyau, ya yi mintuna, sannan ya rushe.

Abin da Berkeley ta koyar

Jacobson bai warware matsalar 1986 da sayen sabuwar waya ba. Ya kalli gunduwoyin da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya auna lokacinsu, har ya ga inda suke taruwa. Cibiyar da ya yi wa aiki ita ce kuma a yau take kula da iperf3, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke auna saurin hanya tsakanin na'urori biyu ba tare da ta taɓa faifai ba. Amfaninta shi ne raba gardama: idan ta nuna kusan megabit 940 a kan kebul, hanya ta kuɓuta, sai a juya kan ƙa'ida da faifai. Idan ta nuna 94, a bar faifai ya huta, a duba kebul da mararraba.

Daga nan sauran bincike bin tarihi ne daki-daki. A kashe Wi-Fi a sa kebul, a ga ko Hawai ce. A gwada babban fayil guda da tarin ƙanana, a ga ko gaisuwar 1983 ce, idan ita ce a dunƙule ƙananan su zama fayil ɗaya kafin a aika. A bar kwafi mai tsawo ya yi ta tafiya, a ga ko zai rushe a tsakiya, sannan a nemi lambar samfurin faifan a tabbatar da irinsa. A sauya abu ɗaya a kowane gwaji, domin wanda ya sauya uku a tare ba zai san wanda ya yi magani ba.

Kusan duk wanda ya tsara ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya zaɓi na'ura ta ci gaba da aiki a hankali maimakon ta tsaya cik ta yi ƙara. Wannan zaɓi ne ya sa kwamfutar bana take iya magana da kebul ɗin shekara ashirin, kuma shi ne ya sa lalacewa ba ta shela. Rumbun da ke tafiya a megabait 11 bai ce komai ya lalace ba, fitilunsa na ci, fayiloli na shiga. Sai mai shi ya raba lambar da ke kan kwali gida takwas, ya gwada ta da wadda ke kan allo, sannan zai san akwai abin nema. Sau da yawa abin da zai tarar sili ɗaya ne cikin takwas.